Wa zai saurari mai taɓin hankalin da ba ya jin Turanci ko Yarbanci a Legas?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa a Mile 12 amma a Agege nake zaune, kuma na kwana biyu a garin nan har ta kai duk yaron da ya taso daga ƙauyenmu wajena ake turo shi.

Wani yaro ne ɗan garinmu, ba zan faɗi sunansa ba. Ya zo cirani yana okada, lafiyarsa ƙalau, yana tura wa tsohuwarsa kuɗi duk wata. Da aka hana okada a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, su Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, sai aka kama babur ɗinsa, babur ɗin ma bashi ne bai gama biya ba. To tun daga nan yaro ya canza, ya daina barci, ya daina wanka, sai ka gan shi zaune bakin masallaci tun asuba har isha'i bai ce wa kowa uffan ba, in ka matsa masa sai hawaye. Abokan kwanansa suka ce sammu ne, wasu suka ce ya taka aljanu a ƙarƙashin gada, wani kuma ya ce ai tiramol yake sha, alhali yaron nan ko sigari ban taɓa gani a hannunsa ba. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Daga ƙarshe aka fara haɗa kuɗin mota wai a sa shi a tirelar da ta sauke shanu ta koma da shi gida, wanda kowa ya san shi ne maganin da muka iya a nan, mutum ya samu matsala a kai sai a loda shi a mayar wa iyayensa, su da ko kuɗin farasitamol sai sun sayar da kaza.

Ni na ce a dakata, na kai shi wani asibitin gwamnati. Likitar da muka gani wallahi ta yi ƙoƙari, ba ni da abin cewa a kanta, amma ba ta jin Hausa, shi kuma Turancinsa bai wuce na cinikin fasinja ba. Sai na zama tafinta. A nan na gane ciwon ƙwaƙwalwa ba kamar maleriya ba ne da za a ɗebi jini a duba, shi da magana ake gano shi, da magana kuma ake rabin maganinsa. Yaro ya ce zuciyarsa ce ta yi baƙi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ni kuma da guntun Turancina na ce mata zuciyarsa ke ciwo, saura kaɗan a tura mu gwajin zuciya. Da ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin kashe kansa sai ya dube ni ya sunkuyar da kai ya ce a'a. Sai bayan wata biyu ya faɗa min gaskiya, ya ce ta yaya zai faɗi haka a gaban wanda yake kira Baba kuma ya san gidansu. Kai ka ji fa. Yanzu ka ɗauka mace ce mai jego da damuwa ta kama bayan haihuwa, kuma tafintan mijinta ne ko ƙanin mijinta, me za ta iya faɗa?

Ba wai babu asibiti a Legas ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba tun 1907 yake nan, har mutanen gari sun mayar da sunansa abin tsokana. Doka ma an yi, marigayi Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma kullum ficewa suke zuwa Ingila da Saudiyya. To idan abu ya yi ƙaranci haka wa zai fara samu? Mai ilimi, mai kuɗi, mai jin yaren likita. Maigadi da ɗan ga-ruwa da ɗan dako da ɗan bola jari su ne a ƙarshen layi, in ma sun san akwai layin. Mutumin da sai ya fita yau zai ci yau, ka ce ya bar aikinsa ya shiga motar haya ta danfo daga Alaba Rago ko Agege ya wuni a go-sulo da layin kati, sannan ya dawo bayan sati biyu, sannan ya sayi magani wata da watanni, ai ka san zuwa ɗaya zai yi.

Mu ma da namu laifin, kar a ce gwamnati kawai nake zargi. Kalmar mahaukaci ta fi komai saurin fita a bakinmu, kuma in ta manne wa mutum shi kenan, ba mai ba shi aure ba mai ba shi ajiya. Shi ya sa ake ɓoyewa har sai abu ya kai ga sarƙa. Ba mu manta da abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, da aka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan gyaran hali, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu don ba su san wani wajen ba.

Ni ban ce a bar addu'a ba, Allah ya kiyaye, ni ma ina yi. Amma nan kusa da mu a Aro ta Abeokuta, tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Idan Bayarabe ya yi haka shekara saba'in da suka wuce, me zai hana a tara malamanmu masu ruƙiyya na Agege da Idi-Araba da Obalende a koya musu alamomin da in sun gani za su ce wannan a haɗa da asibiti? Wajensu ake fara zuwa ai, ko an so ko an ƙi.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jihar Legas shi ne a sa ma'aikaci mai jin Hausa, mace da namiji, a ƙananan asibitocin unguwannin da muke da yawa, ko da rana ɗaya ce a sati, wanda ba ɗan uwan mara lafiya ba ne kuma ya san riƙe sirri. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuma, yadda ake yin karo-karo in an yi rasuwa ko gobara, a ware wani abu don kuɗin maganin irin waɗannan bayin Allah. Yaranmu da suka karanta aikin jinya suna nan Legas ba aiki, a fara da su.

Yaron dai yana shan magani yanzu, yana taya ni tsince albasa a rumfa, barci ya dawo. Ranar komawarsa asibiti ni nake rufe rumfa in raka shi, don har yau ba a samu wani tafintan ba, kuma na san akwai abin da ba ya faɗa saboda ina zaune a wurin.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani mai sayar da albasa, Mile 12, Legas