Baƙonku ya ce muna barci wata takwas, ku kuma kuka bar shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina so ka sani shirinku na rediyo na daren Talata ya ɓata mana rai, kuma ba ni kaɗai ba. Maganar da baƙon nan naku ya yi, wai mutumin Sakkwato wata huɗu yake aiki a shekara, sauran takwas yana miƙe ƙarƙashin dogon yaro yana jiran gwamnati, zagi ce. Ko da wane irin ilimi aka lulluɓe ta, zagi ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai gabatarwa bai tanka masa ba ko sau ɗaya, sai "haka ne, Dakta" yake ta jerawa har lokaci ya ƙare. Da ya tambaye shi ma ko ya taɓa taka fadamar Rima da ƙafarsa, da na haƙura.

Lissafin da ya kawo ban musa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoto a 2022 cewa kashi 91 cikin 100 na mutanen jihar nan suna cikin talauci, mu ne kan gaba a duk Najeriya. Ba sai an karanto mana daga takarda ba, muna ganinsa a tukunyarmu. Amma lissafin nan cewa ya yi muna da talauci, bai ce ga dalili ba. Dalilin Dakta ne ya ƙaro daga aljihunsa, ya ce lalaci da yawan haihuwa, ku kuma kuka watsa wa duniya.

Idan ruwan sama yake nufi, e, wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ma ba ya cikawa. Amma duk wanda ya san jihar nan ya san ƙasa biyu gare mu, tudu da fadama. A tudu, inda yashi ne, ake shuka gero da dawa da wake da damina. Fadama kuwa ta bi gulbin Rima ne tun daga Sabon Birni, ta ratso Goronyo da Wurno, ta haɗu da gulbin Sakkwato a bakin birni, ta wuce Wamakko da Silame ta nufi Argungu. A nan aikin gaske yake farawa daidai lokacin da Dakta ya ce mun kwanta. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, tattasai, tumatir, rake, kankana, duk da rani ake yinsu. Albasar da ake yanka masa a miya can inda yake zaune, wa yake zaton ya noma ta?

Ni manomin albasa ne, na gada kuma har yau ina yi, bari in gaya maka yadda watanni takwas ɗin barcin namu suke. Gero bai gama shiga rumbu ba muke zuba irin albasa. Ana cikin sussukar wake ana ban-ruwan iri safe da yamma, domin in rana ta dake shi kwana ɗaya babu ruwa ya tafi. Sai gyaran fangali, kowanne da hannu ake ja masa kunya a daidaita shi don ruwa ya kwanta ko'ina. Dashe kuma a tsakiyar hunturu yake faɗowa. Ana sallame sallar asuba mutum zai tuɓe takalmi ya shiga ruwan da ko alwala da shi sai an daure, ya duƙa, yana cusa ɗan tsiron nan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, hazo ya rufe ko'ina, ba ka ganin wanda ke fangalin gaba sai dai ka ji tarinsa. Duk manomin fadama ka dubi dugadugansa a watan Janairu za ka ga faso har da jini. Daga nan ban-ruwa ba ya yankewa, ga cirar ciyawa, ga taki, ga feshin tsutsa, ga kwana a gona saboda ɓarayin injin ban-ruwa. Kakana da jigo ya yi wannan aiki, guga ɗaya bayan ɗaya daga safe har azahar. Mu mun samu inji, amma bayanmu bai huta ba.

Da na ba wani dattijo maƙwabcin gonata labarin shirin, bai ko ɗago kai daga tiyon da yake ɗaurewa ba, ya ce: "Wanga mutum shi taho mu ba shi fangali guda shi dasa. In ya kai hantsi, gonar ta zama tashi."

To ina wahalar take tafiya? Wannan ce tambayar da ya kamata a yi ranar Talata, ba a yi ba. Albasarmu gaba ɗaya lokaci guda take nuna, tsakanin Fabrairu da Afrilu. Gada ta cire, Goronyo ta cire, Wurno da Kware sun cire, ga Aliero a Kebbi, ga ta Galmi tana shigowa daga Nijar. Kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas. A daidai lokacin ne kuma mai taki yake tsaye a ƙofar gida, mai inji yana jira, 'yan ƙwadago suna jira, wanda ya ba ka bashin iri ya aiko yaro. Dole ka sayar. Dillali ya san dole ce ta kawo ka, saboda haka ko tayi ba ya yi da mutunci, zai sa ƙafa ya taɓa buhu ya faɗi abin da ya ga dama, ya kuma cire la'adarsa daga jikinka. Buhun nan da ka rabu da shi kana haɗiyar zuciya, shi ne za ka ji kuɗinsa a rediyo wajen watan Nuwamba, ya ninka sau nawa, a hannun wanda bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba.

Za a ce me ya hana mu ajiye. Muna ajiyewa, a rudu. Ban sani ba ko Dakta ya taɓa ganin rudu: itace ne ake kafawa a ɗaga shi daga ƙasa, a shimfiɗa kara, a zuba albasa, a rufe da ciyawa. Shi ke nan sitonmu tun zamanin kakanni, kuma har yau ba a kawo mana wanda ya fi shi ba. Zafin bazarar Sakkwato, wanda ke haura digiri 40, ya bi ta kanta, sannan damina ta shigo da laima. Kowane mako sai ka buɗe ka tsince ruɓaɓɓu da hannu, in ka bar ɗaya ta kama goma. Warin kuwa ba ya barin hannu ko an wanke da toka. Shekarar da na fi jin jiki, abin da na fitar daga rudu bai kai rabin abin da na zuba ba, sauran na kwashe da kwando na zubar a bayan gari ina kallo. Wannan ba barci ya jawo shi ba. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 gwamnoni huɗu muka yi, kowane lokacin zaɓe sai an yi mana alkawarin wurin ajiya na zamani da kamfanin sarrafa albasa, har yau ni dai rudu nake ɗaurawa.

Sai man fetur. Kafin ƙarshen Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Injin ban-ruwa ba ya shan haƙuri, mai yake sha. Na san mutanen da suka rage gonarsu zuwa rabi, na san waɗanda suka ɗauki injin suka kai kasuwa. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, Illela ta mutu tsaye har cikin Maris na 2024, alhali ba mu gama farfaɗowa daga rufewar 2019 ba. Illela da Ƙonni kasuwa ɗaya ce, dangi ɗaya ne, amma babu wanda ya tambaye mu kafin a datse. Wanda kuma ya yi ƙarfin hali ya yi lodin tirela zuwa Legas ko Anaca, shi ya san shinge nawa zai tsaya da abin da zai ajiye a kowanne, kuma daga kuɗin manomi ake cirewa tun a nan gida.

Ya yi maganar madatsar Goronyo, wai an gina mana mun kasa amfani da ita. An gama ta a 1984, an ce tana ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942. Manomi ne ke riƙe da makullinta? A Satumbar 2010 ruwanta ya ɓalle ya cinye gonaki da gidaje, har gadar hanyar jami'a ya karya. A 2018 kuma ta ja baya har aka ce kashi 10 cikin 100 kawai ya rage, yashi ya cike cikinta. Ko ta cika ko ta ƙafe mu ne a ƙasa. Magudanan da aka tsara za su kai ruwa gonaki shekara nawa ana cewa ana kan aiki? Yawancinmu ɗan bututu muke kafawa a fadama da kuɗinmu mu ja ruwa, madatsa tana can muna hangenta.

Abin mamaki, shirin ya yi kusan awa guda ba a ambaci 'yan bindiga ba sai a minti na ƙarshe, shi ma a gurguje. Ƙananan hukumomi 8 ne a gabashin jihar nan cikin 23, kuma su ne cibiyar noman rani. Ka je Isa, ka je Sabon Birni, ka je Rabah ka tambaya. Akwai garuruwan da sai an biya haraji ga mutanen daji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. A Oktoban 2021 an shiga kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki aka kashe sama da mutum 40, mafi yawansu abin da suka noma suka kawo. Idan Dakta ya ga ƙato zaune a gindin bishiya cikin birnin Sakkwato da rana tsaka, ya tsaya ya tambaye shi daga ina yake. Sau da yawa zai tarar mai gona ne, mai rumbu, wanda a da yake fitar da zakka, yanzu yana kwana a kangon da ba a gama ginawa ba da iyalinsa.

Su ma na tudu da ba su da fadama ba kwanciya suke ba. Cin-rani suke tafiya, kuma tun kafin a haifi Dakta Sakkwatawa suke yinsa. Mai turin ruwa a Abuja, mai dako a kasuwar Mile 12 ta Legas, mai gadi a Fatakwal, mai yankan farce a Ibadan, ka tambayi garinsu. Mutum ya bar matarsa da 'ya'yansa wata shida yana kwana a bakin shago don ya dawo da kuɗin taki, a ce masa malalaci? A watan Afrilun 1980, lokacin madatsar Bakolori tana cikin jihar Sakkwato, manoma suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu da madatsa ta cinye, aka buɗe musu wuta, da yawa suka mutu. Mutanen da ba su damu da noma ba ba sa tsayawa gaban bindiga saboda gona.

Zancen yawan haihuwa kuwa, rabon da a ƙirga mu tun 2006, lokacin aka ce mu miliyan 3.7 ne. Duk abin da ake faɗa bayan nan kintace ne. Ban ce yawan iyali ba nauyi ba ne, ni ma ina ɗauke da shi. Amma takin gwamnati da ake cewa an raba, a unguwarmu buhu ɗaya aka taɓa ba mutum biyar su kasa da kwano, sauran muka gan shi a kasuwa da tambarinsa ba a ko goge ba. Wannan ba yawan 'ya'yana ya jawo ba. Wanda yake da katin jam'iyya ya samu, wanda yake da gona ya saya.

Abin da nake nema a wurinka, Malam Edita, ba mai wuya ba ne. Ku maimaita shirin, amma wannan karon ku ɗauko na'urarku ku fito daga ɗakin sanyi. Ku zo Wurno ko Goronyo ko Gada cikin Disamba, ku iso kafin rana ta fito, ku miƙa wa manoma abin magana, har da matan da ke tsinkar tattasai da masu gyaran tafarnuwa. Ku taho da Dakta, ba za mu ci mutuncinsa ba, fura ma za mu dama masa. Kuma mai gabatarwa ya koyi cewa "a'a" idan baƙo ya kauce, don mu muke saurarenku, ba mutanen Abuja ba. Na yi ta kiran layin da kuka bayar a daren, kullum a kame yake, amma masu kira su yaba suna ta shiga.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ga wata. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa dab da labaran ƙarfe takwas ya wuce gona da iri. Lokacin nan muna zaune ne a tsakar gida da 'ya'yanmu mata da surukai, sai ka ji mutum yana zayyano cututtukan ma'aurata da sunayensu ba kunya ba tsoron Allah, wai kuma kwalba ɗaya tana maganin basir da hawan jini da sanyi da ciwon suga. Sai dai mutum ya yi wuf ya rage murya, kafin ya ƙaro an wuce kanun labarai. In kuɗinsu ba ya barin ku daina, ku mayar da shi bayan sha ɗaya na dare.

Ina fata za a karanta wasiƙar nan yadda na rubuta ta, ba a yanke wurin takin ba.

Wassalam.

Naku mai saurare,
Manomin albasa daga ƙaramar hukumar Wurno, Jihar Sakkwato