Faifan da Amurkawa suka yi watsi da shi

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yaba wa kamfanin Light in the Attic da ya sake fitar da faifan Cold Fact na Sixto Rodriguez a 2008. Da ya fara fita a 1970, ko kallo Amurkawa ba su yi masa ba, daga baya mawaƙin ya koma leburanci a Detroit. Ashe a Afirka ta Kudu faifan ya zama ruwan dare, har gidan rediyon gwamnatin wariyar launin fata ya sa aka karce faifan a daidai waƙar "Sugar Man" saboda tana ambaton ƙwaya. Muryarsa sanyi ƙalau, kalamansa kuwa kaifi. Ni dai "I Wonder" ta fi kwanta mini, musamman jitar bas da ke buɗe ta.

Mai karatunku a kullum.