Kuɗin kare dazuzzuka: alkawari da sauri, biya da jan ƙafa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan tsarin REDD+, wanda ƙasashe masu arziki ke biyan ƙasashe masu tasowa don su bar dazuzzukansu a tsaye, tunda itatuwa na shanye iskar da ke ɗumama duniya.

Tun taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Bali ta Indonesiya a 2007 ake wannan magana, kuma a takarda babu laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, sai ka nuna sakamako tukuna a biya ka. Ƙasa za ta ɗauki masu gadin daji da kuɗinta, ta hana kamfanonin katako lasisi, ta haƙura da harajinsu, sannan ta zauna jiran a auna dajin da tauraron ɗan Adam, a tantance, a sake tantancewa.

A 2010 Norway ta yi wa Indonesiya alkawarin dala biliyan 1. Da jiran ya yi yawa, Indonesiya ta soke yarjejeniyar a 2021, sai a 2022 aka sake ƙulla wata. Na Ekwador ya fi ciwo. A 2007 Shugaba Rafael Correa ya ce ba zai haƙo man da ke ƙarƙashin dajin Yasuní ba idan duniya ta tara masa dala biliyan 3.6. Bayan shekara shida, abin da ya shigo hannu kimanin dala miliyan 13 ne, shi kuwa ya ba da izinin haƙa. Wa zai ga laifinsa sosai?

Amma fa gwamnatocin ƙasashe masu tasowa ba su fita ba. Ɗan abin da ya zo, sau da yawa a ma'aikatu da tarukan bita yake ƙarewa. Matar da aka hana sarar itacen girki ba a ba ta madadi ba, gobe da asuba za ta koma dajin, kuma tana da gaskiya.

Sabon asusun da Brazil ta ƙaddamar don kare dazuzzuka a taron sauyin yanayi na birnin Belém a 2025 ya ware aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da zai riƙa biyan ƙasashe ga al'ummomin da ke zaune a dazuzzukan. Ina roƙon wakilanka su bi diddigi, su faɗa mana nawa aka zuba da gaske, kuma hannun wa ya shiga.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu