Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗalibar da ta ce a rufe gidajen talabijin na jihohi

Assalamu alaikum ƴata,

A taron ɗaliban aikin jarida kin miƙe a gaban jama'a kin ce da ni: "Baba, tunda kowa ya koma waya, ga YouTube ga TikTok, don me za a ci gaba da zuba kuɗin talakawa a gidajen talabijin na jihohi? Ba gara a rufe su ba?" Lokaci ya ƙure ranar, na yi miki alƙawarin amsa a rubuce.

Ban ga laifinki ba. Abin da kika taso kika tarar shi ne labaran dare: gwamna ya karɓi baƙi, uwargidan gwamna ta raba kayan sallah, kwamishina ya yaba wa gwamna. Na daɗe a bayan kyamara a wani gidan talabijin na jiha. Akwai ranar da muka kwana a hanya muka ɗauko hoton ƙauyen da ambaliya ta cinye, aka ajiye kaset ɗin a aljihun tebur saboda walimar wani babba ta cika lokacin labarai. Har yau abin yana ci mini rai.

Amma ba a kan haka aka kafa su ba. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe talabijin a Kaduna, shekara uku bayan na Ibadan. A 1977 gwamnatin soja ta tattara duka ƙarƙashin NTA. Da tsarin mulkin 1979 ya dawo wa jihohi da damar buɗe nasu, Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wanda yanzu ake kira ARTV. Manufar ita ce mutum ya kunna akwati ya ga unguwarsu, ya ji harshensa. Wasannin kwaikwayon da aka yi a Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato su ne makarantar da yawancin dattawan Kannywood suka fito.

Za ki ce ai ga Arewa24, tun 2014 take nuna cewa masu kallon Hausa suna da yawa. Gaskiya ne, kuma ina jinjina musu. Sai dai gidan kasuwa talla yake bi. Wa zai zauna ya shirya shiri da Bura ko Tangale ko Fulfulde, alhali babu kamfanin da zai ɗauki nauyinsa? Wa zai kafa kyamara yini guda a majalisar dokokin jiha ana muhawarar kasafin kuɗi? Wa zai kawo malamin gona ya bayyana wa manomi lokacin zuba taki? TikTok ba ya biyan kowa ya yi wannan, kuma tsohuwar da ke ƙauye ba ta da kuɗin data.

Ciwon yana wuri biyu: kuɗi da iko. A Ingila kuɗin lasisin da masu kallo ke biya ne ke riƙe da BBC. A nan, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, gidajen kuwa sun dogara da abin da fadar gwamnati ta ga dama ta bayar. Shi ya sa a 2022, da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, na jihohi da dama suna ciki. Wanda ke jiran albashi daga hannun mutum ɗaya ba ya iya nuna masa ramin da ke kan titinsa.

Don haka amsata ita ce kada a rufe, a sauya musu mai gida. A kafa hukumar gudanarwa da majalisa za ta tantance, mai wa'adin da gwamna ba zai iya katsewa ba. A ware musu kason kuɗi a doka. A wajabta musu sayen shirye-shirye daga matasan jihar irinku, a kuma ɗora komai a intanet don mai waya ma ya samu.

Ina da roƙo ɗaya. Ki je gidan talabijin na jiharku ki nemi a buɗe miki ɗakin ajiyar kaset. A irin waɗannan ɗakuna akwai hawan sallah, makaɗa da malaman da suka riga mu gidan gaskiya, zafi da ƙura suna cinye su. Ki ƙirga abin da ya rage, ki rubuta, ki aiko mini, mu kai wa majalisa tare.

Wassalam,
Babanki a sana'a