Godiya ga wani shagon kayan gini na Ƙofar Ruwa da magininsu

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ga wani shagon kayan gini da ke kasuwar Ƙofar Ruwa, da maginin da suka haɗa ni da shi, saboda murhun jin ɗumi na jan bulo da suka gina mana a tsakar gida. Alhaji mai shagon ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuwa girmama hakan. Shi da yaransa sun san da su nake.

Duk mazaunin Kano ya san halin da ake shiga daga Disamba zuwa Fabrairu idan hunturu ya kankama. Mahaifiyarmu shekaru sun ja, kuma ta saba kwana da kaskon gawayi a ɗaki. Abin ya daɗe yana damuna, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba ta kuma wari, ga haɗarin gobara da hukumar kashe gobara ke jan kunne a kai duk shekara. Sai muka yanke shawarar a yi mata wurin jin ɗumi a fili, inda za ta zauna da jikokinta bayan isha'i, a kashe wuta kafin kowa ya kwanta.

Abin da ya fara burge ni shi ne Alhaji bai yi saurin auna mini kaya ba. Sai da ya ji abin da za a gina, sannan ya ce bulon siminti da muke gina gidaje da shi ba ya jure wuta, tsagewa yake yi yana marmashewa. Ya ce bulo iri biyu nake bukata: gasasshen jan bulo na jikin waje, da bulon wuta na ciki, irin wanda ake shimfiɗa wa tandar gidan burodi. Na ciki ma ba da kwaɓin siminti ake ɗora shi ba, da kwaɓin yumɓu mai jure zafi ne. Wannan bayani ya rage buhunan simintin da zai sayar mini, amma bai ɓoye ba. Da a-kori-kura ta kawo kayan, yaronsa ya ƙirga a gabana, ya ware waɗanda suka karye a hanya, washegari aka kawo madadinsu ba tare da na buga waya ba.

Malam magini kuwa, kafin ya taɓa shebur sai da ya zagaya gidan yana duba inda iska ke shigowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ya juya mata bayan murhun, bakinsa ya kalli kudu maso yamma, don kada hayaƙi ya riƙa dawowa kan masu zama. Ya nisanta shi kamar mita 3 daga darbejiya da wayar lantarki. Ya zuba kankare mai kaurin santimita 15 da rodi a ciki, awon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, ya ce a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, domin kankare sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Ina ɗokin ganin gini ya tashi, shi kuwa ko a jikinsa.

A wajen ɗora bulo na ga gwaninta. Kowane jan bulo sai lebura ya tsoma shi a ruwa tukuna, don kada ya tsotse ruwan kwaɓin. Malam yana ɗorawa yana ƙwanƙwasawa da gindin cokalin gini, idonsa na kan igiya. Akwai layin da ya gama, ya ɗora ma'auni, ya ga ya karkace da abin da bai kai faɗin yatsa ba. Ni ban ga komai ba, amma ya sauke layin gaba ɗaya ya sake. Da ya zo bututun hayaƙi, ya tsuke maƙogwaron a hankali, layi bayan layi, ya ce girman ramin bututun ya zama kamar kashi 1 cikin 10 na girman bakin murhun. In ya gaza haka hayaƙi zai turnuƙe tsakar gida.

Bai yarda a yi filasta ko fenti ba, kuma ina tare da shi, jan bulo kyansa a gan shi yadda yake. Da guntun tiyo ya bi tsakanin bulo yana lailaye kwaɓin, ya bi da jiƙaƙƙen soso yana goge duk inda siminti ya ɓata tun bai bushe ba. Ya sa murfi a saman bututun saboda damina, ya yi daɓe a gaba saboda tartsatsi, ya bar gurbin ajiye itace a gefe. Ɗan dakalin da ya yi wa Hajiya, sai da ya tambayi tsayin kujerar da ta saba zama a kai.

Ko da aka gama, ya hana a hura babbar wuta. Ya ce danshin da ke cikin gini in ya ji zafi farat ɗaya tururi yake zama ya tsaga bango, don haka da ƙirare muka fara, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya dawo da ƙafarsa ya kunna takarda a ciki, ya tsaya har ya ga hayaƙin ya miƙe sama. Bulon da ya yi saura kuma, shagon ya karɓa ya dawo mini da kuɗina cif.

Alhaji, Malam, da leburorin da suka sha ƙura da rana, na gode, Hajiya ma ta ce a isar muku da godiyarta. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Wani magidanci daga Gwammaja, Kano.