Wasiƙa zuwa Damagaram a kan shafin ajinmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san na yi shiru tun bayan Babbar Sallah, kuma Hajiya ta isar mini da ƙorafinka yadda ka faɗe shi. Abin da ya ɗauke mini hankali a zangon karatun nan shi ne dalilin wannan wasiƙa, kuma akwai alfarmar da zan roƙa a wurinka.

Ka san halin da muke ciki da insha'i. Yaro zai rubuta shafi guda, in bi shi da jan biro, in mayar masa, ya dubi makin kawai ya cusa littafin a jaka. Shekara da shekaru ina ganin 'yan aji biyu na babbar sakandare suna rubutu domin mutum ɗaya tak, wato ni, kuma sun san ba labarinsu nake nema ba, kuskurensu nake farauta. Wani ɗan hidimar ƙasa da aka turo mana bana, mai koyar da kwamfuta, shi ya ji ina wannan kuka a ofishin malamai, ya ce me zai hana mu buɗe wa ajin shafi a intanet inda rubutunsu zai fito kowa ya karanta. Ya zaunar da ni a gaban Blogger, wanda na Google ne kuma kyauta ne, ya yi haƙuri da ni har na gane yadda ake sa take, a zuba rubutu, a ajiye shi ba tare da an sake shi ba, sannan a wallafa.

Ɗalibaina sun haura sittin, kuma dokar makaranta ta hana su shigowa da waya, saboda haka na raba su rukuni shida, kowane rukuni da shafinsa. Suna fara rubutawa a takarda, su gyara wa juna, ranar Alhamis bayan an tashi sai wakilan rukuni su zo su buga a kwamfutata, ni kuma in kunna musu data daga wayata. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Wata yarinya da ke zama can ƙurya, wadda sai na kira sunanta sau biyu kafin ta ɗago kai, ta rubuta yadda kakarta take matsar man gyaɗa: suyar gyaɗar, da murzar ɓawon, da kai ta inji, da yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juya tunkuzar da muciya har mai ya taso. Da ta zo bugawa sai ta rubuta cewa ƙuli-ƙulin da ya daɗe a wuta yakan yi "baki". Ta tsaya ta ƙura wa allon ido, ta ce, "Malam, wannan ai bakin mutum ne." Ban ce mata komai ba, na dai nuna mata inda ƙa mai ƙugiya take, ta mayar da shi "baƙi" da hannunta. Na sha yin bayanin ɓ da ɗ da ƙ a bakin allo har maƙogwarona ya bushe, amma sai ranar da ta san wani zai karanta ta a waje sannan ƙugiyar ta dame ta. Yanzu su da kansu suke gardama a kan rubuta kalmomi irin "ya ce" da "ta ce" a rabe maimakon a haɗe, abin da masu gyaran takardun WAEC da NECO ba sa yafewa.

Abu na biyu da na koya shi ne RSS, kuma shi ya fi ba ni wuya kafin in fahimta. Kusan kowane shafi irin wannan yana da wani adireshi da yake fitar da jerin sabbin abubuwan da aka wallafa, wannan shi ake kira RSS. Idan ka sa adireshin a manhajar da ke tattara su, irin Feedly, ba sai ka bi shafuka ɗaya bayan ɗaya ba, duk sabon abu zai zo ya same ka wuri guda, kamar mai kawo jarida har ƙofar gida. Ɗan hidimar ƙasar nan ya gaya mini da can Google Reader mutane suka fi amfani da shi kafin a rufe shi a 2013. Na sa shafukan rukunonin nan shida, na ƙara da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Da safe ina shan koko nake duba kanun labarai, in zaɓi labari ɗaya da gidaje biyu suka kawo, in kwafe su a allo, mu kwatanta: wa ya faɗi majiyarsa, wa ya yi fassara mai ɗanɗanon Turanci, wace kalma ce ta fi dacewa. Darasin auna fahimta da taƙaitawa ya samu rai ta wannan hanya. Nakan tuna musu cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya tun 1939, BBC kuma ta fara Hausa a 1957, don su san rubutun labari da Hausa ba baƙon abu ba ne, gadonsu ne.

Ina da damuwa kuwa, ba zan ɓoye maka ba. Yaran nan amana ce, intanet kuma kasuwa ce da kowa ke shiga. Sai da na nemi izinin shugaban makaranta, na aika wa iyaye takarda, kuma akwai uban da ya ƙi, na girmama ra'ayinsa, 'yarsa tana rubutu a takarda ana karantawa a aji. Ba ma sa hoton ɗalibi, ba ma sa cikakken suna ko unguwa, kuma duk sharhin da wani ya rubuta ba ya fitowa sai na karanta na amince. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bambancin da ke tsakaninsu: wanda yayansa ke da babbar waya yana komawa gida ya nuna rubutunsa ana murna, ɗan'uwansa kuwa bai taɓa ganin nasa a allo ba sai ranar Alhamis, idan an dace da wuta. Yanzu nakan buga kowane rubutu a takarda in liƙa a bangon aji, amma kuɗin bugawa da na data duk daga albashina suke fita, kuma ɗan hidimar ƙasar nan wa'adinsa shekara ɗaya ne.

To ga alfarmar. Ina so ɗalibanka su zama masu karanta nawa. Ka zaɓi ko da goma ne, su karanta rubutu ɗaya a mako, su mayar da amsa da Hausarsu ta can, kada ka gyara musu ita ta koma ta Kano. Ina so yarana su ga "lakwal" da "mushe" a rubuce, su ga yadda kuke rubuta ƴ inda mu muke sa 'y, su tambayi dalili. Na san za ka ce Bakano ba ya neman Badamagare sai da buƙata, to na yarda, wannan karon buƙatar ce ta kawo ni. Idan ka amince ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, in turo maka adireshin shafukan, in nuna maka yadda ake sa su a Feedly.

Ka gaishe da uwargida da su auta. Hajiya tana tambayar maganin ƙafar nan da ka yi mata alkawari.

Wassalam,
Naka amini.