Masu shirin kai iyali ganin dalar Masar, ku auna tafiyar da ƙafar tsoho da yaro

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin iyalan da ke haɗa kuɗi su tafi Masar ganin kufan Fir'aunoni, kakanni da jikoki da surukai duk a ayari guda. Sau da yawa dalilin zuwan wani ne daban, ko ɗa yana karatu a Azhar ko an kai wani ganin likita a Alƙahira, sai a ce tunda an zo bari a zaga. Tafiya ce mai amfani ƙwarai. Inda ake kuskure shi ne, mai tsara ta yawanci magidanci ne mai jini a jika, sai ya tsara ta daidai ƙafarsa, alhali waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsu su ne Hajiya mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara huɗu.

A fara da lokaci, domin shi ne uwa uba. Dogon hutun makarantunmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, kuma babu lokacin da ya fi wannan muni ga zuwa kudancin Masar. A Luksor da Aswan zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai ya saba. To amma a gida idan rana ta take, inuwa ake nema a zauna, a can kuwa awa uku za a yi ana tafiya a kan dutse da yashi, babu bishiya ko ɗaya, duwatsun kuma suna mayar da zafi kamar tanda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya dace, saboda haka hutun Disamba ya fi. Sai dai a tafi da rigunan sanyi, don da dare Alƙahira takan sauko zuwa digiri 10, kuma a kama masauki tun da wata biyu ko uku, domin ƙarshen shekara ne lokacin cikar baƙi da tsadar ɗaki. Daga Maris zuwa Mayu akwai iskar hamsin mai ƙura da zafi, mai asma ya kiyaye ta. A watan azumi kuma ana rufe wuraren tarihi da wuri.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Kowa da fasfonsa har jariri, kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ɗan Najeriya ya nemi biza daga ofishin jakadancin Masar tun yana gida, a kai na kowa lokaci guda, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga duk wanda ya kai wata tara, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Abin da ya fi haɗari shi ne jakar magani. Tramadol da makamantansa suna iya kai mutum kurkuku a Masar ko da na ciwon baya ne. Duk maganin da za a ɗauka ya kasance cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai sunan mai shan sa. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto ma a bar shi a gida, ana ƙwace shi tun a filin jirgi.

Yanzu sai Giza, inda dalar take a gefen Alƙahira. Dala uku ne manya, na Khufu da Khafre da Menkaure, ga kuma gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da Larabawa ke kira Abul Haul, tsawonsa mita 73. Dalar Khufu ta kai shekara 4,500 da ginawa, tsayinta na asali mita 146, yanzu kimanin 138. Filin ya fi yadda ake gani a hoto faɗi, ga hawa da gangara, don haka a isa da zarar an buɗe ƙofa, a gama kafin azahar. Keken tura jariri ba ya tafiya a yashi, goyo da zani ya fi shi nesa ba kusa ba.

Shiga cikin babbar dalar yana da tikiti nasa daban, kuma a nan ne iyalai suka fi yin nadama. Ana shiga ne ta ramin da ake dangantawa da Halifa Ma'amun, daga nan a kama wata hanya mai hawa wadda faɗinta bai fi mita ɗaya ba, tsayinta mita 1.2, tsawonta kusan mita 39. Ma'ana, a sunkuye za a yi ta hawa, masu saukowa suna goga kafaɗa da masu hawa, babu wurin juyawa ga wanda ya gaji a tsakiya. Bayan ta sai babban zaure mai hawa na mita 47, sannan ɗakin sarki. Abin da ke ciki akwatin dutse ne guda ɗaya, babu murfi, babu komai a cikinsa, babu zane a bango. Iskar ciki tana da ɗumi da nauyi. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai asma da mai juna biyu da mai tsoron matsatsin wuri, kada su shiga, kuma kada a ja su da cewa an riga an biya. Matan da za su shiga su sa wando a ƙarƙashin abaya su tattare ta, domin a sunkuye ƙafa tana taka gefen riga, nan ne ake faɗuwa. Takalmi mai rufi da ƙasan roba ake so, silifas da takalmin fata mai santsi ba za su yi ba. Kafin masu shiga su shiga, a ajiye babba ɗaya tare da waɗanda suka tsaya a waje, a kuma tsayar da wurin haɗuwa, don waya ba ta samun sabis a ciki.

Masu raƙumi da doki za su yi muku caa tun daga ƙofa. Ba laifi yara su hau, amma a gama ciniki kafin kowa ya ɗaga ƙafa: nawa ne, na mutum ɗaya ko na kowa, minti nawa, zuwa ina, har da dawowa da saukewa. A kuma fayyace cewa fam na Masar ake nufi, domin rigima takan tashi idan mai raƙumi ya ce shi fam na Ingila yake nufi. A biya bayan an sauka. Wanda ya miƙo maka rawani ko ɗan gunki ya ce kyauta ce, kada ka karɓa. Hawa jikin dala laifi ne, haka ma tsintar ɗan dutse ko ɓallin tukwane a sa a aljihu, dokar kare kayan tarihi ta 1983 ta haramta fita da su. A gaya wa yara wannan tun a masauki, a kuma duba aljihunsu kafin a tafi filin jirgi.

Da yawa daga mutanenmu burinsu su ga gawar Fir'auna, saboda ayar nan ta 92 a Suratu Yunus da ta ce za a tsirar da jikinsa ya zama aya ga na baya. To ba a Giza take ba, ba kuma a tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir ba. A watan Afrilun 2021 an kwashe gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, cikinsu har da Ramsis na biyu da ɗansa Marnabtah, waɗanda su ne aka fi ambata idan ana maganar Fir'aunan Annabi Musa (AS). Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, masana kuma sun saɓa, saboda haka ɗan jagoran da ya rantse maka cewa ga shi nan, ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. A kuma sani cewa an gina dalar Khufu fiye da shekara dubu kafin a haifi Ramsis na biyu. Zauren gawawwakin yana da duhu da tsit, ba a ɗaukar hoto, kuma ƙaramin yaro yakan firgita, gara a tambaye shi kafin a shiga da shi. Kayan kabarin sarki Tutankhamun, sama da guda 5,000, suna sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a Nuwamban 2025 kusa da dalar Giza. Shi kaɗai ya isa yini guda, kada a haɗa shi da ranar dala.

Wannan ita ce ƙa'idar da muka fi so a riƙe: babban wuri ɗaya a rana, da safe, sannan a koma a ci abinci a yi ƙailula. Bayan kowane kwana uku a bar yini guda babu zuwa ko'ina. Kwana huɗu na fita a Alƙahira, ban da ranar hutu, sun isa a ga Giza da gidan tarihin Fusɗaɗ da sabon babban gidan tarihin, a kuma ware rana ga masallacin Amru bin Asi da na Ibn Ɗulun da Azhar da kabarin Imamu Shafi'i, wanda galibi ita ce ranar da dattawa suka fi jin daɗi. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, tituna sukan yi sauƙi da safiyar Juma'a.

Luksor tana da nisan fiye da kilomita 600 kudu da Alƙahira, awa ɗaya a jirgin sama, kimanin awa goma a jirgin ƙasa mai gadaje. Idan akwai tsoho a bi ta sama. Tsohon wurin bauta na Karnak, mai ginshiƙai 134 a zaure guda, ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce kuma ginshiƙan suna ba da inuwa, kowa zai iya. Kwarin Sarakuna da ke hayin kogi shi ne mai buƙatar dabara. Ana buɗewa da ƙarfe shida na safe, kuma a lokacin ya kamata a isa. Tikiti ɗaya kabari uku yake bayarwa, ana huda shi a bakin kowane kabari, don haka wanda ya faɗa na farko da ya gani ya ƙona ɗaya. Kabarin Ramsis na huɗu yana kusa da ƙofa, gajere ne, gangararsa mai sauƙi, zanensa kuma da launi raɗau, shi ya dace da dattawa. Na Marnabtah dogo ne mai zurfi, saukar ba ta da wuya, hawowar ce aiki. Na Tutankhamun, wanda aka gano a 1922, da na Seti na ɗaya kowanne da tikitinsa daban, kuma na Tutankhamun ɗan ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da sunansa.

Abu Simbel kuwa a yi shawara sosai. Kilomita 280 ne daga Aswan, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, fiye da awa uku a hamada, a yi awa biyu a wurin, a sake awa uku a dawo. Gumakan Ramsis huɗu masu tsayin mita 20 abin kallo ne, balle labarin yadda aka yanka dutsen gunduwa gunduwa aka ɗaga shi sama tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Amma ga tsoho da ƙaramin yaro, ko a bi jirgin sama ko su zauna a Aswan su huta.

Lafiya ita ce ke rusa tafiya cikin dare ɗaya. Ruwan gora kawai za a sha, a lissafa lita uku ga kowane babba a ranar fita, a saya da katon a ajiye a mota domin a bakin wuraren tarihi kuɗinsa ninki ne. A guji ƙanƙara da ɗanyen ganye a kwanakin farko. A tafi da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, idan ya ƙare a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro mai sikila ya fi kowa buƙatar kulawa, domin ƙishirwa da gajiya da sanyin dare duk suna tayar da ciwon, a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba. Wanda likita ya taɓa gaya wa yana da ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD ya nisanci ful da ɗa'amiyya, abincin safen Misirawa, domin da waken ful ake yin su kuma yana farfasa masa jini. Koshari, wato shinkafa da adas (wani irin ƙananan wake) da taliya da miyar tumatir, yara sukan karɓe shi ba gardama. Mai allurar ciwon sukari ya sa ta a jakar sanyi, kada ya bar ta a motar da aka rufe a rana. Kada kuma a bar yara su shiga Kogin Nilu ko magudanan ban ruwa, saboda tsargiya.

Saura kuɗi, wanda shi ke ɓata zumunci bayan an dawo. Tun a gida a naɗa ma'aji ɗaya, kowane gida ya zuba kasonsa na mota da tikiti da ɗan jagora da abinci, a rubuta, tsaraba kuma kowa da aljihunsa. A manyan wuraren tarihi an daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati, kuma katin Naira yakan ƙi aiki a waje ko ya zo da iyaka, don haka a tanadi katin dalar Amurka guda biyu a hannun mutum biyu. Yaron da bai kai shekara shida ba kyauta yake shiga, ɗalibi mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa yana biyan rabi. Duk da haka a riƙe ƙananan kuɗi na tukwici, wato bakshish, da na banɗaki, a sa buta ƙarama da takardar goge hannu a jaka. Ayarin da ya wuce mutum shida ya ɗauki ƙaramar bas guda da direba na yini, ya fi a rarrabu a tasi uku wani ya ɓace. Ɗan jagora ya nuna katinsa na ma'aikatar yawon buɗe ido, a kuma gaya masa tun farko ko ana son tsayawa shagon turare da na takardar bardi (takardar mutanen Masar na da) ko ba a so, domin yana da kamasho a can kuma tsayawa ɗaya takan ci awa guda daga cikin sanyin safiya.

Ɗanku da ke karatu a Alƙahira zai taimaka da Larabci da ciniki, amma kada a sauke mutum goma a ɗakinsa na haya, kada a bar shi da biyan kuɗin mota, kuma a tambayi ranakun jarrabawarsa kafin a sayi tikitin jirgi. A ƙarshe, kowane yaro da kowane tsoho a sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da Larabci da lambar wayar Masar ta jagoran ayari.

Mun gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.

Daga wasu masu shirya wa iyalai tafiya, Kano.